Noman kabewa a gida a Zariya: daga Oktoba ake fara lissafi

Gaggawar shuka ce ke jawo asarar yawancin kabewar da ake nomawa a gidajen Zariya. Ruwan farko ya sauka a watan Mayu, ƙasa ta yi taushi, sai a ɗauko iri a zuba a gindin katanga. Kabewa kuwa sai ta yi kwana 90 zuwa 120 kafin ta ƙosa. Wadda aka shuka a tsakiyar Mayu za ta nuna a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, daidai lokacin da marka ta kankama, ƙasa ta jiƙe sharkaf, rana ba ta fitowa sosai. Ɗan da ya nuna a cikin wannan laima ruwa yake sha ya ƙoshi, zaƙinsa ya ragu, gefen da ke kwance a ƙasa ya fara laushi, ko an cire shi lafiya ba ya daɗewa a ɗaki.

Ruwan da ke sauka a wajajen Samaru ta Zariya bai wuce kimanin milimita 1,000 a shekara ba, Agusta ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, sannan ya janye daga farko zuwa tsakiyar Oktoba. Mai son kabewar ajiya, wadda za ta kai shi har cikin hunturu ana miyar taushe, daga can zai ƙirgo baya. In ka cire kwana 105 daga mako na biyu na Oktoba, za ka faɗo a ƙarshen Yuni. Don haka daga 20 ga Yuni zuwa 10 ga Yuli ne lokacin da na fi yarda da shi a nan. Shukar za ta samu ruwan girma a Yuli da Agusta, ta cika 'ya'ya a Satumba, ta ƙarasa nuna da ranar kaka. Wanda ke son ganye da ɗanyar kabewa kawai don miya, shi babu ruwansa da wannan lissafi, ya shuka a Mayu abinsa.

Batun iri, ba sai an je nesa ba. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada lokacin kaka, ka zaɓi kabewa mai nauyi wadda ta ƙosa, a dafa a gida. In tsokarta ja ce sosai, mai gari, ba ta tsinkewa ta koma ruwa a tukunya, to ƙwayarta ce irinka. Jan tsokar nan alamar sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, gwargwadon janta gwargwadon amfaninta ga yara. Amma kafin ka saya, duba mariƙinta, wato guntun karan da ke haɗa ɗan da uwar. Akwai mai mariƙi mai tauri, mai kusurwa biyar, wanda ke buɗewa ya yi faɗi daidai inda ya manne da ɗan. Wannan dangin ya fi jure zafi da laima, shi ne kuma dangin 'yar doguwar nan mai wuya da ake sayar da irinta a fakiti da sunan butternut. Akwai kuma mai mariƙi zagayayye, mai kauri, mai ɗan laushi in ya bushe. Ita takan yi girma ta yi daɗi, sai dai ciwon ganye ya fi kama ta a damina. Ga ƙaramin gida, ta farkon nake ba da shawara. Butternut ɗaya ba ta cika wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba, gida ɗaya zai cinye ta a girki ɗaya, babu ragowar da za ta kwana a yanke ta yi funfuna.

In fakiti ka saya kuma ka ga an rubuta F1 a jikinsa, ka sani na shekara ɗaya ne. Zai yi kyau bana, amma ƙwayar da ka cire daga cikinsa ba za ta maimaita uwar ba baɗi.

Wuri shi ne abu na biyu da ake raina wa kabewa. Ana ganin 'yar tsiro mai ganye biyu sai a matse ta tsakanin kuɓewa da alayyafo, bayan wata biyu ta bi ta kansu ta danne. Ta gida tana yaɗo mita 4 zuwa 6, wani lokacin fiye. A ba ta mita 2 tsakanin gindi da gindi, butternut kuwa mita 1 zuwa ɗaya da rabi ya ishe ta. Tana son rana ta aƙalla awa shida, saboda haka ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ba wurinta ba ne, ganye za ta yi ta zubawa babu ɗa. A nisanta ta da makwararar ruwan wanka da wanke-wanke, sabulu da gishiri suna ƙona saiwa, a kuma nisanta ta da masai tunda 'ya'yanta a ƙasa suke kwanciya.

Ƙasar Zariya a wurare da yawa tana yin ɓawo a sama bayan ruwa, ƙasan kuma ta riƙe ruwa. Kabewa na son danshi amma saiwarta ba ta jure kwana cikin ruwa. Maganin wannan shi ne tudu. A haƙa rami mai faɗin santimita 40, zurfin santimita 30, a cakuɗa ƙasar saman da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, a mayar, a tara ta yi tudun da ya ɗaga santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa. In kashin kaji ne, rabin bokiti ya isa, kuma lallai ya zama wanda ya huce, ba ya zafi in ka tura hannu, ba ya warin da ke hawa kai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro cikin kwana biyu. A yi wannan aikin mako biyu kafin shuka. Takin bola da ake kwasowa a bayan gari yana da ƙarfi, amma a tankaɗe shi tukuna, domin batir da kwalba da leda sun yi yawa a ciki, ba abin da za a sa a gindin abincin iyali ba ne haka nan.

A jiƙa iri ya kwana, a zubar da wanda ya taso saman ruwa babu nauyi. A shuka ƙwaya uku a kan kowane tudu, zurfin santimita 2 zuwa 3, a ɗan rarraba su. Cikin kwana 5 zuwa 8 za su fito. Idan suka yi ganye uku ko huɗu na gaske, a bar mafi ƙarfi guda ɗaya, ko biyu in tudun na da faɗi. Sauran a datse su da reza daidai ƙasa, kada a tuge, saboda tugewa na girgiza saiwar wanda aka bari. Kabewa ba ta son dashe, shi ya sa shuka kai tsaye ta fi.

Makonni uku na farko su ne na tsaro. Kaji za su tone tudun saboda takin, akuya kuwa in ta samu ƙofa a buɗe an gama. A kewaye da ƙaya ko tsohuwar raga. Akwai kuma wani ɗan jan ƙwaro mai tashi, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, yana huda ganyen fari har ya bar jijiya kawai. Babbar shuka ba ta damu da shi ba, amma tsiro mai ganye biyu yana iya mutuwa. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ƙwaron ba ya iya tashi da sauri, sai a kama da hannu a jefa cikin ruwan sabulu. A barbaɗa tokar murhu sama-sama a kan ganyen, a sake bayan kowane ruwa. In sun yi yawa, a daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya giram 50 a kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma.

Wani gargaɗi a nan, domin ya kashe shukar mutane da yawa ba su san dalili ba: injin feshin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa, kada ya kusanci kabewa. Ko an ɗauraye shi, ɗan abin da ya rage ya isa ya murɗe ganye ya tsuke shi. Haka ƙasar da aka ɗebo daga gonar masarar da aka fesa wa maganin ciyawa na atirazin a bana.

Takin zamani kaɗan take so in an yi mata na gargajiya. Mako biyu bayan fitowa, a sa cikin akwatin ashana ɗaya na NPK 15:15:15 a kowane tudu, a zagaye, tazarar santimita 15 daga gindi, a rufe da ƙasa. Idan ta fara yaɗo, wajen mako na biyar, a ƙara irin wannan. Yuriya ce ke yaudarar mutane. Ganye zai yi kore shar, faffaɗa, kowa ya shigo gidan ya yaba, amma furen mace zai yi jinkiri, wanda ya fito ma ya kakkaɓe. In ganyen bai yi rawaya ba, a ajiye yuriya wa masara. Noma kuma a yi shi sama-sama tun kafin yaɗo ya rufe ƙasa, saboda saiwarta a kusa take. Bayan ta rufe, ita da kanta za ta danne ciyawa.

Yayin da take yaɗo, kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa mai danshi tana iya fitar da saiwa. A taimaka mata: duk bayan mita ɗaya a ɗora ƙasa cikin tafin hannu biyu a kan gaɓa. Wannan yana ƙara mata bakin shan ruwa da taki, kuma in ciwo ya kama asalin gindin, sauran jikin zai iya ƙarasa rainon 'ya'ya. Wanda filinsa ya yi kaɗan ya kafa mata rumfa ta hau. Butternut tana rataye kanta lafiya, babbar kabewa mai kilo 5 zuwa sama kuwa sai an yi mata majanyi da yankin buhu an ɗaure a jikin rumfar. A da kan ɗakin ciyawa ake sakinta, tana jin daɗinsa. Rufin kwano ba haka yake ba, zafinsa da rana yana dafa yaɗon da 'ya'yan. Katangar ƙasa ma a raba ta da ita, ganyen na hana katangar bushewa a damina.

Yanzu ga inda lissafin Yuni yake da tsadarsa. Wadda aka shuka a ƙarshen Yuni za ta fara fure bayan kwana 40 zuwa 50, wato cikin Agusta, tsakiyar marka. Kabewa tana da fure iri biyu a jiki ɗaya. Namijin ne ke fara fitowa, a kan siririn kara mai tsawo, kuma yakan yi mako ɗaya ko biyu yana buɗewa yana faɗuwa shi kaɗai. Kada hankali ya tashi, haka tsarinta yake. Macen tana zuwa daga baya, karanta gajere, a gindinta akwai ɗan ƙulli mai siffar kabewar da za ta zama. Kowane fure safiya ɗaya yake da ita: ya buɗe da asuba, kafin azahar ya rufe, ba zai sake buɗewa ba. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar ƙurar namijin ya kai wa macen. Ranar da aka wayi gari da ruwa, ƙudan ba ya fita, macen da ta buɗe a wannan safiya ta tafi a banza. Bayan kwana uku ko huɗu sai ka ga ɗan ƙullin ya yi rawaya, ya yi laushi daga baki, ya faɗi. Mutane sukan ce ciwo ne su je sayen magani, alhali barbara ce ba a yi ba.

Aikin hannu ne ke rufe wannan giɓi, kuma minti biyu ne. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, ka tsinko namijin furen da ya buɗe a ranar, ka yage ganyen furen ka bar tsinken tsakiya. In ka shafa shi a bayan hannunka za ka ga rawayar ƙura ta manne, alamar ya yi ke nan. Ka goga shi a hankali a kan tsakiyar macen, ka tabbatar ya taɓa kowane ɓangare, domin inda bai samu ba nan ɗan zai fito a karkace. Namiji ɗaya zai wadatar da mace biyu. In ana yayyafi, ka ɗaure bakin macen da zare bayan ka gama don kada ruwa ya wanke. Idan ya kama, cikin kwana uku ƙullin zai fara kumbura yana sheƙi. Saboda ƙudan zuman nan ne ba a feshin kowane irin magani da safe. Sai bayan la'asar, fure ya rufe.

Da zarar ɗa ya kama, sai abokin gaba na gaske ya iso, wato ƙudan da ke huda 'ya'yan kankana da kokwamba. Ƙarami ne, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗigon rawaya. Macen tana soka ɓawon ɗan tun yana da taushi ta zuba ƙwai a ciki. Abin da za ka gani a waje ɗan ɗigo ne kawai da danƙo ya tsatso ya daskare, daga baya wurin ya lotsa. Ka fasa ka ga fararen tsutsotsi. Magani ba ya kai wa gare su tunda suna ciki, shi ya sa feshi bayan an ga alama ɓarnar kuɗi ce. A gida, inda 'ya'yan ba su wuce a ƙirga ba, rufewa ta fi komai: a yanka tsohon gidan sauro a ɗinka 'yan jakunkuna masu yalwa, a sa wa kowane ɗa washegarin barbara, a ɗaure a mariƙi sako-sako. Bayan mako uku ɓawo ya fara tauri, ana iya cirewa a sa wa na baya. Leda ba ta yi, gumi take tarawa ɗan ya ruɓe. Wanda aka riga aka huda kuma kada a jefar a gefen lambu, tsutsar za ta shiga ƙasa ta fito ƙuda cikin mako biyu. A ƙulle shi cikin baƙar leda a ajiye a rana kwana uku, ko a binne a rami mai zurfin rabin mita. Fiya-fiya kuwa ba ta da gurbi a kan abin da za a ci, ko a lambu ko a ɗakin ajiya.

Ciwon ganye iri biyu ne ya kamata a rarrabe. Na marka yana fitowa da tabo rawaya masu kusurwa a saman ganye, in ka juya bayansa da safe ka ga toka-toka. Laima ce ke kawo shi. A cire ganyen da ya kamu a fitar da shi, a rage cunkoso iska ta ratsa, in ya yi tsanani a fesa maganin funfuna mai suna mankozeb daidai yadda aka rubuta a jikin fakiti. Na biyun yana zuwa ne idan ruwa ya fara janyewa, farin gari a kan tsofaffin ganye. In 'ya'ya sun kusa ƙosawa ba abin damuwa ba ne. In da saura, madara kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, feshi sau ɗaya a mako, tana rage shi in an fara da wuri. Ban da waɗannan biyu, shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare, ya ƙanƙance ya murɗe, wannan ba ta da magani. Darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotson ganye, da farin ƙuda ne ke yaɗa cutar, a tuge ta tun ba ta shafi sauran ba.

Kada a yi kwaɗayin yawa. Babbar kabewa a bar mata 'ya'ya biyu ko uku, butternut huɗu ko biyar. Bayan sun kama, a ƙirga ganye biyar ko shida gaba da ɗan ƙarshe a datse kan yaɗon, sabbin kawunan kuma su shiga miya. Duk furen da ya kama bayan tsakiyar Satumba ba zai samu ruwan da zai cika shi ba, a cire shi a ci ɗanye. Kowane ɗa a ɗaga shi daga ƙasa a ɗora a kan fasasshen tayil ko tsingaro ko guntun bulo. Busasshiyar ciyawa ba ta dace da nan ba, gara take kira, garar kuma ta ci ɓawon daga ƙasa ba ka sani ba. Mai shiga cikin ganyen ya riƙe sanda ya fara motsa gabansa, wuri ne mai sanyi da maciji ke so.

Daga barbara zuwa ƙosawa kwana 45 zuwa 60 ne, gwargwadon iri. Launi shi kaɗai ba shaida ba ne. Ka danna farce a ɓawo: in ya shiga ko ya bar shaida mai ruwa, da saura. Sheƙin jikin zai dushe, mariƙin ya bushe ya yi tauri ya fara tsattsagewa. Butternut sai koren layin da ke wuyanta ya ɓace ta koma ruwan ƙasa gaba ɗaya. A yanke da wuƙa mai kaifi ranar da babu ruwa, a bar mariƙi santimita 5. Kada a fizge, kada kuma a ɗauke ta da mariƙin, domin in ya ɓalle nan ruɓa za ta fara, wannan sai dai a dafa ta a makon.

Kafin ajiya tana bukatar kwana 10 a wuri mai ɗumi da iska, kamar barandar da ke samun hantsi amma ba ta samun ranar tsaka. A wannan lokacin ƙananan ƙujewa suna warkewa, ɓawo ya ƙara tauri, zaƙi ya ƙaru. Ranar Oktoba a Zariya tana da zafi, in aka bar ta a fili tsakar rana gefe ɗaya zai ƙone ya yi fari. Daga nan a kai ɗaki mafi sanyi a gidan, a jera a kan katako, kada su taɓa juna, kada su zauna a daɓen siminti. A raba su da ayaba da tumatir masu nuna. Ana dubawa kowane mako, wadda ta fara tabo ita ce ta tukunyar gobe. Sanyin hunturu yana taimakawa ƙwarai, wadda ta ƙosa da kyau tana kaiwa wata uku zuwa huɗu, amma da zafin Maris ya shigo sai ta fara bushewa daga ciki. Abin da ya rage a lokacin a fere, a yanyanka siri-siri, a shanya a kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙarau.

Mai rijiya ko burtsatse zai iya sake zagaye na rani, ya shuka a farkon Oktoba kafin sanyi ya sauka. A nan kwari ake yi maimakon tudu, a ba kowane gindi lita 10 duk bayan kwana biyu, a gindi ba a kan ganye ba. Za ta yi nawa a Disamba da Janairu, farin garin nan kuma zai fi damunta. Shukar Fabrairu ba na ba da shawararta, furenta zai faɗo cikin zafin bazara ya zube.

Irin baɗi a cire shi daga kabewar da ta fi daɗewa a ɗaki ba ta lalace ba, kuma ta yi daɗi a baki. A wanke ƙwayar, a shanya a inuwa mako ɗaya har ta riƙa karyewa in an lanƙwasa, a zuba a kwalba da ɗan toka a toshe. Tana kaiwa shekara uku. Kankana da duma ba sa gurɓata irin kabewa ko da a kusa suke, amma kabewa biyu 'yan dangi ɗaya suna haɗuwa, butternut da ta gida mai mariƙi mai kusurwa biyar misali. Wanda ke son irinsa ya tsaya yadda yake, ya ɗaure bakin namiji da mace da zare tun da yamma kafin su buɗe, ya yi barbarar da hannu da safe, ya sake ɗaure macen, ya sa wa wannan ɗan alama da ƙyalle. Duk kabewar da aka ɗanɗana aka ji ɗaci mai kama harshe, ko ta lambu ce ko wadda ta tsiro da kanta a bola, kada a ci kuma kada a ajiye irinta. Ɗacin guba ne mai sa amai da gudawa, dafuwa ba ta kashe shi.